Madatsar ruwa ta Kainji: wurin shaƙatawa mai bukatar hattara

Mai karatu, in ka bi kogin Isa daga Yamai ka wuce Gaya, za ka shiga Najeriya, inda ake kiransa Kwara. Can gaba da Yawuri akwai tsohon baraji mai suna Kainji. An fara gina shi a 1964, aka gama a 1968. Tsakiyarsa kankare ne, gefunansa kuwa ƙasa ce da duwatsu.

An gina shi ne domin samar da wutar lantarki. Wani kashi na wutar da Nijar ke saye daga Najeriya yana biyowa ta Birnin Kabi zuwa Yamai. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 135. Ya cinye tsohon garin Busa, har aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni.

Da tafiya ta yi tafiya, tafkin ya zama wurin kamun kifi da yawo cikin jirgin ruwa da shan iska. Sai dai ruwan da aka tare ba kamar na gulbi ba ne. Ga abin da ya kamata ka kiyaye:

Kada ka yi wanka ko wanki a gindin baraji. In aka buɗe ƙofofi, ruwa yana tasowa nan take, ya yi awon gaba da mutum.

Kada ka shiga jirgin da aka cika maƙil, kuma ka nemi rigar ruwa. Ƙarƙashin tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. A watan Mayu na 2021 wani jirgi ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu.

Ruwa mai kwanciya gidan dodon koɗi ne, shi ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. In yaro ya yi fitsari da jini, a kai shi likita.

A shekarun nan ƴan bindiga sun laɓe a dajin da ke kewaye da tafkin. Ka tambayi labarin hanya kafin ka tashi.

Waɗannan dokoki na ruwa sun shafi kowane baraji, har ƙaramin da ke kusa da garinku. Ka koya wa yaranka su tun yanzu.