Firizim

Firizim (suna, namiji). A lissafi, sifa ce mai jiki wadda fuskokinta biyu na ƙarshe suke daidai da juna sak, kamar bulo, kwalin ashana ko fensir mai gefe shida.

Ɗaliban ƙaramar sakandare kan nemi girman cikinsa ta hanyar ninka filin gindi da tsayi. Tankin ruwa mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin mita 1.5 yana cin kubik mita 3, wato lita 3,000.

Mai gindin kusurwa uku kan ba yara wuya, domin sukan manta da rabawa biyu wajen fitar da filin gindin, sai amsar ta ninka. Malami nagari kan sa su fitar da filin gindi tukuna.