Tarihin Daidaita Ma'aunin Zaren Haske a Rumbunan Bayanai

Sanin kowa ne kasuwa ba ta ci sai an yarda da mudu ɗaya. Haka al'amarin yake a rumbunan bayanai, wato manyan gidajen da dubban kwamfutoci ke musayar saƙo ta siririn zaren gilashi mai ɗauke da haske.

A 1966, a Ingila, Charles Kao da George Hockham suka nuna cewa tataccen gilashi na iya kai haske nesa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya ƙera irin wannan zare. Amma ƙira kaɗai ba ta wadatar ba, domin in kowane kamfani ya bi son ransa, na'urar wannan ba za ta ji maganar ta wancan ba, mai saye kuwa ya zama bawan ɗan kasuwa guda.

Saboda haka kishiyoyin kasuwa suka riƙa zama inuwa ɗaya ƙarƙashin ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE, suna tsayar da ƙa'idojin Ethernet: gigabit 10 a daƙiƙa a 2002, 100 a 2010, 400 a 2017, sa'an nan 800 a 2024. Albarkacin waɗannan yarjejeniyoyi ne mai saye ya sami ikon sake abokin ciniki ba tare da ya zubar da kayan da ya riga ya mallaka ba.