Bindigar Kaka da Ke Bayan Ƙofa

1/ Yau in ka ce "'yan bindiga" a Karakkai, Bunguɗu ko Tsafe, gaban mutum faɗuwa yake. Amma da can sunan dakarun sarki ne. Bari in ɗan ja zare a kan tsohuwar bindiga da yadda za a kula da icenta.

2/ Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Babba Zaki (1768-1776) ne sarkin Kano na farko da ya ajiye rundunar 'yan bindiga masu tsaronsa. Magadansu ne kuke jin ƙararsu a hawan Sallah har yau.

3/ A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu da ya rasu a 1884 har igwa ya sa aka riƙa ƙera masa. Wasu bindigogin ta Sahara suka shigo, wasu ta bakin teku, daga fataken Turai irin na Denmak. Daga baya maƙeranmu suka koyi ƙera harba-ka-ruga don maharba.

4/ To, ƙarfe na jure shekaru, ice ne ke fara tafiya. Damina ta kumbura shi, hunturu ya tsage shi, gara ta ƙarasa. Alhali a jikinsa tarihin yake: zanen masassaƙi, fatar da aka naɗe, layun mai ita, har gurbin da hannunsa ya cinye.

5/ Kafin komai, ku ɗauka a ɗure take. Albarushi kan daɗe bai mutu ba. A kira maƙeri ko tsohon maharbi ya duba, yara su yi nesa.

6/ A share ƙura da busasshen tsumma. Kar a jiƙa ta, kar a kankare, kar a shafa fenti. Baƙin mai ma illa ne, shiga ice yake ya rubar da shi. Kakin zuma kaɗan ya isa, a murza da tsumma.

7/ Kar a jingine ta da bangon ƙasa, hanyar gara ke nan. A rataye ta a inuwa, inda iska ke shiga.

8/ Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe ko irin wannan sai da lasisi. In babu mai riƙe ta a gida, gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano ya fi mata.

9/ Roƙona ɗaya: tun tsofaffi na raye, ku tambaye su wa ya ƙera ta, wa ya riƙe ta, ku rubuta. In sun tafi ba a tambaya ba, guntun ice kawai za mu gada.