Yadda Ma'abuta Wasu Fannoni Suka Shiga Ilmin Intanet a Abuja

Ranar 12 ga Disamba, 1991, sa'ad da Janar Ibrahim Babangida ya taso da kujerar mulki daga Legas ya sauke ta a Abuja, bisa dokar da marigayi Janar Murtala Muhammad ya kafa tun 1976, guzurin da galibin ma'aikatu suka zo da shi bai wuce tafireta da tarin fayil-fayil da masinjoji masu kai takarda ofis-ofis ba. Alhali kuwa a cikin wannan shekara ce wani Baturen Ingila, Tim Berners-Lee, ya buɗe wa jama'ar duniya ƙofar yanar gizo daga cibiyar bincike ta CERN da ke Janiba. Shi kansa mutumin nan kimiyyar fiziks ya karanta a Jami'ar Oxford, daga baya ya ratso cikin sha'anin kwamfuta.

Sai da aka ƙara shekara goma kafin al'amarin ya kankama a wurinmu. A 2001 aka kafa hukumar NITDA domin raya fasahar sadarwa, a shekarar kuma wayar salula ta fara aiki, daga nan hukumomi suka shiga rige-rigen mallakar shafin intanet. To, amma su wane ne ke zaune a ofisoshin? Mutane ne da suka yi tahsilin tarihi, ko shari'a, ko tattalin arziki, ko ilmin akanta, waɗanda ba su taɓa rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba. Akawun da ya shekara da shekaru yana cika baucan albashi da biro, yana lasar yatsa yana juya shafi, ya wayi gari bayan 2007, da aka fara tsarin biyan albashi na IPPIS, an ce sunan da bai shiga na'ura ba mai shi ba ya ganin albashi.

Wannan larura ce ta ɗaukaka darajar diflomar gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD: karatu ne na kimanin shekara guda, wanda ke zama gada ga mai digirin wani fanni ya haye zuwa kwamfuta, har in ya so ya nemi digiri na biyu. Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, tun farko ta haɗa da sashen karatu daga nesa, ta saba wa ma'aikata neman ilmi ba tare da barin aiki ba. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda Alhaji Shehu Shagari ya assasa a 1983, sojoji suka dakatar a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita, yau hedkwatarta tana Jabi, tana kuma bayar da irin wannan difloma a fannin fasahar sadarwa. A 2004 hukumar sadarwa ta NCC ta buɗe cibiyar horaswa ta Digital Bridge a Utako.

Hakika wannan ba baƙon abu ba ne ga zauren ilmi na ƙasar Hausa, inda ɗalibi kan ƙoshi da fiƙihu wajen wani shehi, sa'an nan ya naɗe buzunsa ya tafi ya durƙusa gaban wani domin nahawu ko hisabi, ba ya ganin furfurarsa ta hana shi komawa mafari. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi talifi a kan hisabi, ya rasu a Alƙahira a 1741, ɗan wannan tarbiyya ne. Sai dai malaman nan ba sa ba da ijaza face sun ji karatu daga bakin ɗalibi, kuma a nan ne nake ganin mun yi sakaci, domin da yawa daga masu neman diflomar nan takardar ƙarin girma a ofis suke nema, su gama ba su iya gina fom ɗaya da zai karɓi suna ya adana shi a rumbun bayanai ba.

Tun da gwamnati ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku a fannin fasaha, ina roƙon jami'o'inmu na Abuja kada su miƙa wa kowa shahada sai ya gina shafi mai aiki, an buɗe shi a gaban malamai an jarraba.