Doka Ce ke Neman Gyara, ko Wani Abu Ne Ya Ɓuya?

A shekarar 1846 masanin taurari na Faransa, Le Verrier, ya yi lissafi a kan duniyar Yuranos, wadda ta ƙi bin hanyar da dokar Newton ta ƙarfin jan abubuwa ta shata mata. Bai ga laifin dokar ba, cewa ya yi akwai wata ɓoyayyiyar duniya da ke fizgarta. Aka duba inda ya nuna, sai ga Naftun. A 1859 ya ga irin wannan bauɗiya a tafiyar Makyuri, ya sake ba da amsa iri ɗaya. An sha nema, ba a ga komai ba. Wannan karon dokar ce ta gaza, kuma Einstein ne ya warware matsalar a 1915, da ya nuna cewa nauyin abu yana lanƙwasa sarari da lokaci. Awon da Eddington ya yi lokacin husufin rana na 1919, a tsibirin Principe da ke Tekun Gini, ya gaskata shi.

Tun daga nan ake gwada ƙashin ka'idar Einstein. Brans da Dicke sun ce a 1961 ƙarfin jan yana iya canzawa, amma awon kumbon Cassini da aka wallafa a 2003 ya ƙuntata wa ra'ayinsu ƙwarai.

Babbar rigimar ta taso ne da Vera Rubin ta gano cewa taurarin da ke gefen garken taurari suna gudu fiye da kima. Yawancin masana suka ce akwai ɓoyayyen abu mai nauyi da ido ba ya gani. A 1983 Milgrom na Isra'ila ya ce a'a, dokar ce ke sauyawa inda ƙarfin jan ya yi rauni sosai. Lissafinsa yana dacewa da garke ɗaya ɗaya, abin mamaki, sai dai yana kasawa inda garkuna suka taru da yawa. A 2017 kuma, girgizar sarari da hasken da suka fito daga karon wasu taurari biyu sun iso mana da tazarar ƙasa da daƙiƙa biyu, bayan tafiyar shekaru kusan miliyan 130. Wannan ya rushe ka'idoji da dama masu neman sauya dokar.

Einstein bai faɗi jarrabawa ba tukuna. Amma ni ban yarda a raina Milgrom ba, domin har yau babu ɗakin gwajin da ya kama ko ƙwaya ɗaya ta wannan ɓoyayyen abu.