Masta da Kwali: Yadda Fim Ke Fita Daga Hannun Edita a Kano

A yau idan edita ya kammala haɗa fim, abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi girman hoto da nauyin fayil, ya latsa maɓalli, ya jira kwamfuta ta dunƙule aikin wuri guda. Matakin bai da armashi a ido, amma a tarihin finafinan Hausa shi ne ya riƙa yanke hukuncin wanda zai ci riba da wanda zai tashi a tutar babu.

Kano ta daɗe da sanin fim a matsayin kayan da ake kawowa daga waje. An buɗe silimar Rex a Sabon Gari a 1937, daga baya Plaza ta zo a Fagge, kuma finafinan Indiya da na Amurka ake haskawa. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, sai birnin ya fara fitar da nasa, a kan kaset ɗin bidiyo.

A zamanin kaset, abin da ke fita daga ɗakin edita shi ne masta, wato kaset na asali. Daga gare shi dillalan Bata, a tsakanin Fagge da Sabon Gari, da na Ƙofar Wambai suke kwafa da bidiyoyi jere a kan kanta. Kaset yana da wata ɗabi'a: duk kwafin da aka ɗauka daga kwafi sai hoto ya ƙara dusashewa, murya ta ƙara shaƙewa. Saboda haka masta tana da daraja, kuma na jabu yana tona kansa. Tsarin cinikin ma abin lura ne. Furodusa yakan miƙa masta, ya buga kwalaye, dillali ya biya shi gwargwadon kwalin da ya shiga. Ke nan a zahiri takardar da ta lulluɓe kaset ake sayarwa, ita ce rasit, ita ce shaidar mallaka. Wanda bai sayar ba kuwa, kwalinsa ake mayar masa.

Zuwan faifan VCD bayan shekarar 2000 ya rushe wannan kariya. Edita ya koma matse fim zuwa hoto mai ɗigo 352 a 288, kuma faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 80, abin da ya ƙara wa al'adar raba fim kashi na ɗaya da na biyu ƙarfi. Mafi muni, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Da 'yan turawa suka fara zuba finafinai a katin waya a kan kuɗi kaɗan, kwali ya zama takarda kawai, shagunan dillalai da dama suka sauya sana'a.

Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta buƙaci hoto mai tsabta, sannan Izzar So ya nuna daga 2020 cewa shiri mai dogon zango zai iya rayuwa a YouTube. Yanzu edita yana fitar da fayil ne gwargwadon ƙa'idar manhaja, yana auna kyan hoto da tsadar data a wayar mai kallo, kuɗin kuma daga talla yake zuwa, bisa lissafin da kamfanin Google ke riƙe da shi a Amurka.