Ɓera, Alade da Ɗan Kifi: Wa Wakilan Ƙwayar Noro Suke Wakilta?

Idan yaro ya kwana yana amai da gudawa a Kwandiko, ko a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, suna biyu ne ke jiran ciwon. Uwa za ta ce haƙori ne ke fitowa. Idan kuwa gida uku suka kamu a mako guda, sai unguwa ta ce kwalara ce. Tsakanin sunayen nan biyu akwai ƙwayoyin cuta da yawa, ciki har da bairos ɗin da masana ke kira noro, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta yana kama mutum miliyan 685 a shekara, yana kashe yara wajen 50,000, akasari a ƙasashe masu tasowa. Har yau ba shi da allurar rigakafi, ba shi da magani nasa na kansa. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, kusan duk abin da muka sani game da noro ta bakin wakili muka ji shi, kuma wakilan ba su yi kama da ɗanmu ba.

A 1968 cutar ta ɓarke a wata firamare a garin Norwalk na jihar Ohio. Sai a 1972 Albert Kapikian ya ga ƙwayar a ƙarƙashin madubin lantarki. Daga nan aka shafe shekara arba'in da 'yan kai ta ƙi yarda ta hayayyafa a ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwayar da ba a iya renonta kuwa ba a iya gwada mata magani. Dole ta sa aka riƙa tace bayan gidan majiyyata ana ba masu sa-kai su sha, hanyar da ba za a taɓa bi da jariri ba, alhali jarirai na cikin waɗanda cutar ta fi kashewa.

Sai aka nemi wakilai. An fara da 'yar uwarta da ke kama kyanwa, amma wannan ciwon hanci da baki take sawa, kuma ba ta jure tsamin ciki. A 2003 Stephanie Karst da abokan aikinta a Jami'ar Washington da ke St. Louis suka gano noro na ɓera, shekara ta zagayo Christiane Wobus ta rena shi a kwano. Wannan ya buɗe ƙofa sosai, domin ɓera ba shi da tsada, kuma an san halittarsa ciki da bai. Sai dai ɓera ba ya amai. Halittarsa ce haka. Mai ƙoshin lafiya a cikinsu yakan ɗauki ƙwayar ba tare da gudawar kirki ba. Bugu da ƙari, a 2016 aka gano ƙofar da noro na ɓera ke bi ya shiga ƙwayar halitta, daga baya bincike ya nuna na mutum ba ta nan yake shiga ba. Ɗan alade da aka ciro daga ciki aka rene shi inda babu ko ƙwayar cuta ɗaya, irin aikin da Linda Saif ta yi a Ohio, yana ɗaukar ƙwayar mutum ɗin kanta ya yi 'yar gudawa, amma kuɗin renonsa sai manyan cibiyoyi. Birin cimfanzi yana ɗauka bai nuna ciwo ba, kuma Amurka ta daina gwaji a kansa a 2015.

Sauyi na gaske ya zo a 2016, lokacin da Mary Estes da tawagarta a Houston suka rena noro na mutum cikin ƙwayoyin hanjin ɗan Adam da aka tsirar a kwano, wasu nau'o'in ma sai da aka ɗiga musu ruwan madaciya. Da wannan hanya aka nuna cewa sinadarin kulorin yana kashe ƙwayar, barasar da ke cikin sanitaiza kuwa ba ta iya kashe ta gaba ɗaya ba. (Wanda ya ajiye sabulu ya rungumi sanitaiza tun zamanin korona ya lura.) A 2019 masana a Leuven ta Beljiyam suka tsikara ƙwayar a jikin jaririn wani ɗan kifi mai zane, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba, ta kuwa hayayyafa.

Ba raina wannan aiki nake yi ba; ba don shi ba da har yanzu lalube ake cikin duhu. Amma a dubi yadda ake renon wakilan. Ɓeran gwaji yana cin abinci mai gina jiki, yana shan ruwan da aka tace, ba tsutsar ciki, ba cizon sauro. Yaron da aka goyo zuwa ɗakin shan magani na Kwandiko fa? Sau da yawa bai daɗe da tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba, kokon da aka yaye shi da shi gero ne zalla, ruwan randar gidansu daga rijiya aka ɗebo. Ma'aikaciyar lafiya za ta mintsini fatar cikinsa, ta ga ta ƙi komawa da wuri, ta dubi maɗigar kansa ta ga ta faɗa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. Da aka gwada rage wa ɓeraye abinci mai gina jiki a Jami'ar Florida, sai aka ga sun fi ramewa, jikinsu ya fi kasa korar ƙwayar. Ke nan yunwa tana sauya yanayin ciwon, kuma yawancin gwaje-gwaje ba su sa ta a lissafi ba.

Akwai dalilin gaggawa. A watan Agustan 2022 Nijeriya ta sa rigakafin ƙwayar rota, wadda ita ma amai da gudawa take sa yara, cikin rigakafin yara na yau da kullum. A Amurka, bayan da rota ta ja baya, noro ne ya hau kan gaba wajen kai yara asibiti da amai da gudawa. Idan haka ta faru a nan, ƙananan asibitocinmu na karkara ba su da na'urar da za ta shaida. Kuma noro nau'i-nau'i ne. Rigakafin da aka ɗinka da awon nau'in wata ƙasa ba lalle ya yi wa ɗan Gwaram daidai ba.

Abin lura shi ne, hanjin kwano da ɗan kifin nan duka da bayan gidan majiyyaci ake fara aiki da su. Wato ɗanyen kayan wannan bincike shi ne abin da ake wankewa daga zanin goyo kullum a ƙauyukanmu. Ba sai mun gina gidan alade marar ƙwayar cuta ba. Kirana ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Bayero: a tanadi firinji mai wutar rana, a riƙa adana samfurin yaran da suka zo da amai da gudawa da yardar iyayensu, a rubuta nauyin kowane yaro da abin da yake ci, sannan a tantance nau'in ƙwayar. Kafin nan, uwar da ɗanta ya fara gudawa ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ta ci gaba da ba shi nono, ta kai shi asibiti, kada ta jira haƙori ya fito.